Tsirkiya Ɗaya a Shikago: Tarihin Wata Waƙar Buluz da Gogen Yendi

Ranar 31 ga Oktoba, 1935, a birnin Shikago na Amurka, kamfanin faifai na Bluebird ya ɗauki muryar wani mawaƙi ɗan jihar Misisifi, Joe Williams, wanda daga baya aka fi sani da Big Joe Williams. Cikin waƙoƙin da ya rera a wannan zama akwai “Baby, Please Don't Go”, wadda yau take sahun gaba cikin waƙoƙin buluz da aka fi sake rerawa. Williams ne ke waƙa yana kaɗa jita. Chasey Collins yana karzar allon wanki, wato fallen ƙarfe mai kunya-kunya da ake cuɗa tufafi a kai kafin zuwan injin wanki. Na ukunsu, wanda aka rubuta sunansa Dad Tracy, yana goga wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak. Ga murya, ga goge, ga busasshen sauti mai riƙe taku. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Ya-Na, sarkin Dagwamba, a Yendi ta Ghana ranar gaisuwa, ko ya taɓa jin gogen Garba Liyo a rediyo, zai ce ai ya san wannan haɗin.

Wannan sanayyar ce ta sa waƙar ta cancanci nazari a wajenmu, kuma ita ce ke iya ruɗar mai nazarin. Kunne yana saurin yanke hukunci. Abin da ya kamata shi ne a bi waƙar faifai bayan faifai, a ga me ta zubar a hanya, me kuma ta ƙi rabuwa da shi, sannan a auna wannan da abin da tarihin Salaga da Yendi da yankin Bawku zai iya ɗauka.

Waƙar ta girmi faifanta. Mai magana a cikinta ɗaurarre ne a gandun fursunoni, da mari a ƙafa, yana roƙon masoyiyarsa kada ta bar shi ta koma New Orleans. Wannan ba ƙagen mawaƙi ba ne. Gyaran tsarin mulkin Amurka na 13, wanda ya soke bauta a 1865, ya bar wata kafa: wanda kotu ta ɗaure ana iya tilasta masa aiki. Jihohin kudu suka shige ta wannan kafa. Sai a kama baƙin mutum da laifin rashin aikin yi ko bashin tara, a ba da hayarsa ga masu gonakin auduga da masu shimfiɗa layin dogo, ko a tura shi gandun gunduma. A Misisifi, gandun Parchman da aka kafa a farkon ƙarni na 20 shi ne mafi girma kuma mafi mugun suna. A irin waɗannan wurare maza kan jeru da gatari ko fartanya, jagora ya ba da baiti, saura su amsa daidai lokacin da ƙarfe ke sauka. Masana sun danganta waƙar Williams da dangin waƙoƙin da suka fito daga wannan rayuwa da ta maƙwabtanta, irin su “Long John” da “Alabama Bound”, da kuma “Another Man Done Gone”, wadda John Lomax ya ɗauka daga bakin Vera Hall a Alabama a 1940, ita kaɗai ba kiɗa. Karin muryar Vera Hall da na Williams ’yan gida ɗaya ne.

Ashe abin da ya faru a 1935 shi ne an ɗauki abin jama'a, an matse shi cikin minti uku na fuska ɗaya ta faifan garmaho, an buga masa suna. Lester Melrose, dillalin da ke kai wa Bluebird mawaƙa, ya shahara wajen riƙe haƙƙin buga waƙoƙin waɗanda ya ɗauka. Faifan Bluebird na araha ne, senti 35, kuma an yi shi ne domin baƙaƙen fatan da suka baro kudu suka cika unguwannin Shikago da Detroit, waɗanda kunnensu ke marmarin sautin gida. Wannan ba ya rage wa Williams daraja. Shi ya ba waƙar siffar da kowa ya bi daga baya, kuma tsara abin gado har ya zauna daram aikin gwani ne.

A ginin sauti, faifan 1935 ya saɓa wa abin da littattafan koyon kiɗa ke kira buluz. Buluz ɗin makaranta yana zagaya ginshiƙan sauti uku cikin gaɓoɓi 12. Williams kuwa ya kafa ƙafa a ginshiƙi ɗaya, bai gusa ba har ƙarshe. Duk motsin yana cikin murya da gogen. Muryar kan fara daga sama ta gangaro, ta maimaita gajeren zance, ta lanƙwasa wasu sautuka ta yadda ba za a same su a bakin fiyano ba. Gogen Tracy, siriri mai ɗan kuka, yana bin sawun muryar, ya cike gurbin da ta bari in ta tsaya jan numfashi. Ba rakiya kawai yake yi ba, amshi yake yi. Aikin da ’yan gandu ke yi wa jagoransu, shi tsirkiyar nan ɗaya ta ɗauka.

Daga nan tarihin waƙar ya zama tarihin wanda zai gaji wannan amshi. A Disamba 1941 Williams ya sake ɗaukar ta da sunan “Please Don't Go”. Babu goge, babu allon wanki. A gurbin Tracy sai ga John Lee Williamson, wato Sonny Boy na farko, da hamonika, ɗan abin busan nan da ake ɓoyewa cikin tafin hannu biyu. Zaɓin ya yi daidai, domin mai hamonika yana iya jan iska ya lanƙwasa sauti ƙasa kamar yadda mai goge ke yi da yatsa, kuma yana iya riƙe sauti ya daɗe, abin da jitar da ake taɓawa ba ta iyawa. Wannan faifan na 1941 shi ne mafi yawan na baya suka koya. A 1947 Williams ya sake yin ta wa kamfanin Columbia, da Williamson da ganguna. Lightnin' Hopkins da John Lee Hooker da Big Bill Broonzy kowa ya yi tasa, kuma a 1952 ƙungiyar mawaƙa ta Orioles ta kai ta cikin goman farko a jerin faifan baƙaƙen fata da suka fi kasuwa.

Sauyi mafi nauyi ya zo a 1953, lokacin da Muddy Waters ya yi wa kamfanin Chess ita da sunan “Turn the Lamp Down Low”. Muddy ya san goge sarai. A 1942, yana manomin auduga a gonar Stovall ta Misisifi, Alan Lomax ya ɗauke shi yana kiɗa tare da tsohon magogi Son Sims, mai gogen Turawa. Da ya koma Shikago a 1943 sai ya tarar da mashaya cike da hayaniya, inda ba a jin komai sai an sa masa lantarki. A faifan 1953 Jimmy Rogers ne ke jita ta biyu, amshin kuwa yana bakin Little Walter, wanda ya shahara da haɗa hamonika da makirfo cikin hannu ɗaya har sautin ya yi kauri ya yi gurnani.  Waƙar ta shiga birni, ta sa lantarki, amma har lokacin ɗaurarre ne ke magana.

Bayan nan labarin ya yi sauri. A ƙarshen 1964 ƙungiyar Them ta Belfast, da Van Morrison yana ɗan shekara 19, ta fitar da ita da gudu da ƙarar jita, ta shiga goman farko a Birtaniya a farkon 1965, da “Gloria” a bayan faifan. AC/DC ta Ostireliya ta yi ta a 1975, Aerosmith a 2004. A Nuwamba 1981 Muddy Waters ya rera ta tare da ’yan Rolling Stones a wani ƙaramin gidan rawa na kudancin Shikago, Checkerboard Lounge. A hannun samarin Turai amshin ya koma jitar lantarki, kuma ginshiƙin nan ɗaya da ba ya gusawa ya zama ƙarfin waƙar, don shi ke ba ta damar dukan ƙirji ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya ɓace shi ne nauyin marin. Ko da kalmomin gandu sun rage a baki, mai sauraro a Landan yana jin saurayi ne kawai da budurwa ke shirin gudu ta bari. A ganina wannan hasara ce babba, kuma ita ce ta sa faifan 1935 da na 1953 suka fi sauran daɗewa a zuciya. Williams ya rasu a Macon ta Misisifi a Disamba 1982, ba mai dukiya ba. Bayan shekara goma aka shigar da faifansa na farko cikin zauren karrama buluz.

To, ina zancen Ghana ya shigo? Ya shigo ne ta hannun Paul Oliver, Baturen Ingila masanin gine-gine kuma marubucin tarihin buluz, wanda ya koyar a jami'ar Kumasi a 1964. Ya saurari manyan gangunan Asante bai ji komai da ya yi kama da Misisifi ba. Sai da ya hau arewa, ya isa Nangodi a kan hanyar Bolgatanga zuwa Bawku, ya zauna da makaɗan tsirkiya, sannan kunnensa ya tsaya. Littafinsa na 1970, “Savannah Syncopators”, ya kawo hujjar cewa in za a nemi dangin buluz a Afirka, a neme su a ƙasashen sarari na Sudan ta yamma, inda mawaƙi ɗaya ke waƙa da molo ko goge, ba a gaɓar teku mai taron ganguna ba. Gerhard Kubik ya ƙara zurfafa wannan a “Africa and the Blues” na 1999. Ya ɗauko wata waƙa daga zaman nan na Oktoba 1935, “Stack o' Dollars”, mai gogen Tracy, ya jera ta da faifan wani Bahaushe mai goge, Adamou Meigogué Garoua, da ya ɗauka a Yoko ta Kamaru a 1964. Kamannin sun fito fili: matakan sauti biyar, murya mai kaushi da ke karya gaɓa ɗaya zuwa sautuka da yawa, da tsirkiya mai maimaita abin da baki ya faɗa.

A Yendi ake ganin wannan fasaha a cikakkiyar darajarta. Dagwamba suna ce wa abin gonje. Ƙirarsa irin ta gogenmu ce: rabin ƙwarya da aka rufe da fatar guza, an huda ƙaramar kafa a gefen fatar don sauti ya fita, sanda ta ratsa ta, tsirkiya ta izgar doki ta hau kan ɗan jaki, bakan ma na izga ne da ake shafa wa ƙaro. Wuyansa ba shi da ƙarafan da suka raba wuyan jita gida-gida, kuma magogi ba ya danne tsirkiyar har ta taɓa sanda, taɓa ta kawai yake yi. Shi ya sa sautin ke zamewa daga mataki zuwa mataki kamar maƙogwaron mutum. Makaɗan kan yi taro, jagora ya ba da waƙa, saura su amsa da baki da goge, ga masu girgiza zaabia, wato caki na duma, suna cilla shi sama suna cafewa ba tare da taku ya kuɓuce ba. Gurbin da allon wanki ya cike a Shikago ke nan, kuma shi ne gurbin ƙwarya a gogen Hausa.

Zuriyar makaɗan suna cewa kakansu ya zo ne daga ƙasar Gurma a ƙarni na 18, zamanin Naa Ziblim Saa, kuma shugabansu a Yendi yana riƙe da sarautar Yamba-Naa. Waƙoƙinsu kirari ne da karin magana na sarakuna, wasu da Dagbani, wasu da Gurmanci, da yawa kuma da Hausa, abin da ke nuna irin cuɗanyar fadar Yendi da fatake da malaman zango. Jacqueline DjeDje, wadda ta koyi gonje a hannun Salisu Mahama a jami'ar Legon, ta bayyana wani bambanci mai ban sha'awa a littafinta na 2008, “Fiddling in West Africa”. A Dagbon goge kiɗan sarauta ne, yana kusa da lunsi masu kalangun fada. A ƙasar Hausa kuwa, musamman bayan jihadin 1804, an jingina shi da bori da gidajen magajiya, har malamai suka yi ta sukarsa. Abu ɗaya, daraja biyu. Buluz ma haka ya sha a gida, masu zuwa coci suna kiransa kiɗan Shaiɗan.

Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Jarabar da ke kama mai rubutu a nan ita ce ya ja layi daga kasuwar bayi ta Salaga kai tsaye zuwa Misisifi. Salaga tana da abin da zai ja zuciya zuwa haka: rijiyoyinta masu yawa, wurin da har yau ake kira Wankan Bayi, da Rafin Angulu inda ake jefar da waɗanda suka mutu kafin a sayar. Sunayen ma da Hausa suke, don Hausa ce harshen kasuwar da ayarin Kano da Katsina ke zuwa sayen goron Gwanja. Sai dai shekarun ba su yarda da layin ba. Birtaniya ta hana fataucin bayi ta teku a 1807, Amurka ta rufe shigo da su daga 1 ga Janairu, 1808. Ganiyar Salaga kuwa a ƙarni na 19 take, har zuwa karyewar Asante a hannun Ingilishi a 1874 da yaƙin basasar 1892 da ya watsa mutanenta zuwa Kete-Krachi da sauran zangogi. Gurunsawan da mayaƙan Zabarmawa na Babatu suka kwaso a shekarun 1880 suka kai Salaga, an kama su ne bayan an riga an soke bauta a Amurka. Yawancin waɗanda aka sayar a can sun ƙare ne a gonakin Asante da kudancin Volta, ko suka bi ayari da kayan goro a ka. Shi kansa Babatu a Yendi kabarinsa yake.

Akwai dai ɗan tsakanin da hujjar ke iya tsayawa. Daga tsakiyar ƙarni na 18, bayan Asante ta rinjayi Gwanja da Dagbon, ana biyan Kumasi gandu da bayi, kuma wasu daga cikin mutanen arewan nan sun gangara har kurkukun Cape Coast da Anomabo da Elmina. Tsakanin 1804 da 1807 tashar Charleston kaɗai ta karɓi kimanin mutum 40,000 daga Afirka. To amma daga cikin kusan miliyan 12.5 da aka ɗora a jiragen ruwa, waɗanda aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa ba su kai 400,000 ba, kuma ’yan sarari a cikinsu sun fi fitowa ta Senegal da Gambiya. Jikokinsu ne aka sake sayarwa zuwa gonakin auduga na kudu mai nisa. Daga 1808 zuwa zaman Shikago shekara 127 ne. A wannan tsawon lokaci bayi sun ƙware a gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, suna yi wa iyayengijinsu kiɗan rawa, musamman da yake dokoki irin na Karolina ta Kudu na 1740 sun hana su ganga. Haka kuma wayar nan ɗaya da yaran Misisifi ke kafawa a jikin bango suna zamar da kwalba a kai, Kubik ya danganta ta ne da Afirka ta tsakiya, ba da goge ba. Ba kowace tsirkiya ɗaya ce jikar gonje ba.

Abin da nake ganin hujja ta tabbatar ya fi layin nan ƙanƙanta, amma ya fi shi ƙarfi. Ba waƙa ce ta haye teku ba, ba kuma lalle ƙwarya da izga ba. Abin da ya haye shi ne ɗabi'ar kunne: son a ji abin kiɗa yana magana da karin mutum, son sautin da ke zamewa, da yarda cewa waƙa na iya zama kan ginshiƙi ɗaya ba ta gundura ba. Inda aka hana ganga aka bar tsirkiya, masu wannan ɗabi'a ko da ba su da yawa sai salonsu ya sami fili. Tarihin faifan waƙar Williams shi ne shaidar da ta fi kusa. Sau biyu aka sauya kayan amshi cikin shekara 30, daga goge zuwa hamonika zuwa jitar lantarki, kuma kowane magaji sai da aka tilasta masa ya koyi lanƙwasa sauti kafin ya riƙe gurbin. Hamonika an ƙera ta ne a Jamus don waƙoƙi masu miƙaƙƙen sauti. Mutanen Misisifi ne suka sa ta kuka.

Ta fuskar matsayin mawaƙi kuwa, Yendi ba ita ce madubin da ya dace ba. Magogin fada yana da sarauta da gado da ubangida, kuma waƙarsa ta wanda ake yi wa kirari ce. Williams ɗan yawo ne tun yana yaro, yana bin sansanonin masu gina madatsun kogi da masu layin dogo da mashayun ƙauye, da jitar da ya ƙara wa tsirkiyoyi har ta kai tara. Takwaransa na gaskiya yana can yankin Bolgatanga da Bawku: mai kologo ko mai goge da ke bin ranakun kasuwa, gidajen fito da wuraren makoki, yana waƙar talauci da mace da tafiya kudu neman aiki a gonakin koko da ramukan zinariya. Daga wannan layi King Ayisoba ya fito da kologo mai tsirkiya biyu har ya cika dandali a Turai. A wajenmu kuma Ɗan Maraya Jos ne, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda ya riƙa yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa. Arewacin Ghana ƙarƙashin Turawa an mai da shi rumbun lebura, kamar yadda Misisifi ta zama wa Shikago, kuma ba mamaki mawaƙan wuraren biyu su riƙa juya zancen rabuwa.

Wani bambanci na ƙarshe yana cikin yadda aka adana abubuwan biyu. Waƙar Williams ana iya bin ta rana da wata da sunan kowane makaɗi, saboda kamfanoni suna rubuta abin da za su sayar. Gonje ya sami nasa rabon a faifan “Master Fiddlers of Dagbon” da John Chernoff ya ɗauka, Rounder ta fitar a 2001, da kuma taskar Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, inda faya-fayen da J. H. Kwabena Nketia ya fara tarawa tun shekarun 1950 suke ajiye. Baitocin Hausa da ke cikin waƙoƙin gonje tsohuwar Hausa ce ta ayari, wadda ta sha lanƙwasa a bakin waɗanda Dagbani ne harshensu na gida. Mai iya warware ta shi ne wanda ya tashi da harsunan biyu, kuma irin waɗannan suna nan a zangon Yendi da na Salaga da Tamale. Aikin da ke gabansu shi ne su zauna da gidan Yamba-Naa, su rubuta kowace waƙa da sunan sarkin da aka yi wa ita da sunan magogin da ya karɓe ta daga wa, sannan su jera ta da faifan da aka ɗauka shekaru 30 ko 60 baya don a ga abin da ya sauya.